Tagar da Aka Toshe

A bencin jiran likita, wata uwa na rungume da ɗanta, numfashinsa na fita kamar busar usur. Wata mai goyo da ke kusa da ita ta dube shi.

"Sannu, 'yar'uwa. Asma ce?"

"Ita ce. Ko taga ba na buɗewa, kada sanyi ya kama shi."

"Bangonku ya yi funfuna?"

"Baƙi ƙirin, a bayan gadonsa. Labule na saka na rufe."

"Ki buɗe tagar nan, ki kankare bangon ya bushe. Haka na yi ta toshe wa nawa yaron taga da tsumma, wai gata nake masa."

"To, ya samu sauƙi?"

Matar ta gyara goyonta.

"Ya huta, bara warhaka. Ƙaninsa na kawo yau."