Rijiyoyin Salaga a Cikin Kwali

A tashar motar Yendi, wani malamin makaranta na zaune a benci, rungume da kwali. A gefensa wata dattijuwa na tsaye tana jiran motar Kpandai.

"Ɗana, rediyo ce?"

"Kwamfuta ce, Hajiya. Ta ƙi tashi. In na kunna, sai ta yi 'yar ƙara, fuskarta baƙi ƙirin."

"Ina za ka kai ta?"

"Bawku. Waɗanda suka sayar mana sun ce sai an goge komai. Amma akwai wani Iliasu a can, yana da faifan gyara na wani kamfani daban, mai bin cikinta a hankali yana tsinto abin da ya ɓace."

"Me ke ciki haka?"

"Tarihin rijiyoyin garin Salaga. Kakata ta lissafa mini sunayensu da waɗanda suka haƙa, ina bugawa. Ta rasu da azumi."

"Allah ya jiƙanta. Akwai Rijiyar Safura? Mahaifiyata kan ce ruwanta ya fi na randa sanyi. Ban taɓa ganinta ba, amma har yau ina shan ruwanta a mafarki."

"Wallahi ban riƙe ba, Hajiya. Na bar wa injin."

"To matsa mini. Na fasa Kpandai, ni ma Bawkun za ni."