Haɓar Jikata Hajara

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni tsohon malamin kimiyya ne a Gagarawa, na daɗe da cire rai da asibitocinmu.

Jikata Hajara ta kai shekara sha biyar ba ta fara al'ada ba, ga haɓarta ƙarama, har tsokana ta hana ta makaranta. Kakarta ta kira wanzami ya yi mata ƙaho a haɓa. Na ce, "Hajiya, ƙaho ba ya jawo ƙashi."

Na kai Hajara asibiti a Gumel ina gunaguni. Likita ta ce sinadarin mata, istrojin, ne ya yi mata ƙaranci, kuma yana da hannu a girman muƙamuƙi. An fara magani. Haɓar tana nan yadda take, amma jiya Hajara ta koma aji.

Iyaye, ku gwada asibiti. A gaishe mini da abokaina na Maigatari.