Nono Ba Ya Wanke Maganin Ciyawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gajiya? Ni ce Hassi daga Dakko, kuma da ɓacin rai na rubuto.

Maigidana yana feshin ciyawa a gonar shinkafa sai bakin famfo ya toshe. Ya sa baki ya zuƙa kamar yadda manomanmu suka saba, maganin ya wuce mashi ciki. Ya garzaya Damri wurin mai shagon da ya sayar mashi da maganin, mutumin ya ce, "Haba Malam Garba, sha nono, zai wanke."

Nono muka yi ta ɗura mashi har bakinshi ya yi gyambo, numfashi ya fara sarƙewa. A asibitin Mafara likita ya ce gubar ta lalata jijiyoyin jini, huhu ya ƙandare, mun makara. Ina yi mashi fifita, yana kokawar numfashi har ya cika.

Kai kuma mai shago, na san kana saurare. Ko gaisuwa ba ka zo ba. Allah ya isa!

Malam mai gabatarwa, ina zan kai ƙarar mutumin ga? Kasuwar da ta wuce ma wani manomin ya zuƙi maganin, mutumin ga ya sake cewa a sha nono.