Hannun Rahila da Kazar Mai Ɗori

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, matar Iliya, daga ƙauyenmu na bayan Wagini. Mama Fasto ce ta ce in rubuta abin da Ubangiji ya yi mana a karanta maku, don ta san in na tsaya gabanku kuka zai hana ni magana.

Waɗanda suka san ni sun san ni da tsoro. Yaro ya yi tari sau ɗaya, ni har na fara tunanin kabari. Shi ya sa a gidanmu ba a ɗaukar maganata da nauyi. In na ce wani abu, sai a ce, "Saratu ce, ku ƙyale ta."

Lokacin roron wake ne ɗiyata Rahila, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba, ta faɗo daga kan jaki. Ta dafa ƙasa da hannun dama, ya karye kusa da gwiwar hannu. Ihun da ta yi har yau yana kunnena.

Surukata, Inna, ta aika aka ɗauko wani dattijo mai ɗori daga wajen Safana. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba, ya ɗora mutane da yawa a yankinmu sun tashi. Ya ja hannun, ya shafa magani, ya jera karare ya ɗaure tamau da tsumma. Sannan ya ce a kamo kaza. Aka kamo 'yar budurwar kazata ja. A gabanmu ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta kamar yadda ya ɗaure Rahila.

Ya ce, "Ku riƙa duba kazar nan. Ran da ta taka, ƙashin yarinya ya kama. Kada kowa ya taɓa ɗaurin sai na dawo ran kasuwa."

To, 'yan'uwa, daga nan gida duka ya koma jinyar kaza! Inna da kanta take watsa mata tsaki. Maƙwabta in sun shigo gaisuwa, sai su ce, "Ina kwana, ya mai jiki? Ya kazar?" Ni ma, kada in yi maku ƙarya, ina idar da addu'ar safe sai in ruga akurki in leƙa.

Kaza kuwa sai samun sauƙi take. Tana ci, tana ɗingishi, tana korar 'yan tsaki.

Amma ni ce nake ba Rahila koko. Ni na ga yatsunta sun kumbura kamar an hura su. Na ga farcenta ya bar ja ya koma toka-toka. Na taɓa tafin hannun na ji shi da sanyi, alhali ɗayan yana da ɗumi. Da na ɗan miƙar mata da yatsa ɗaya, ta ƙwalla ƙara irin wadda ba ta yi ba ko ran da ta faɗi.

Na je wurin Inna na durƙusa. Na ce, "Inna, hannun nan bai yi mani ba. Ko a kai ta asibiti?"

Ta ce, "Ke dai Saratu ba ki rabo da firgita. Ba ki ga kazar ba? Ƙashi ne yake haɗuwa, dole ya yi zafi. Asibiti kuma! Wa kika taɓa gani an kai Katsina da karaya ya dawo da hannunsa? Yankewa suke yi. So kike jikata ta dawo da dungu?"

Ni ma abin da na taso ina ji ke nan.

Washegari da hantsi Rahila ta daina kuka. Inna ta ce, "Kin gani ko? Sauƙi ya zo." Na tsunkuli ɗan yatsanta a hankali, na ce, "Kin ji?" Ta ce, "Mama, me kika yi?"

Wayyo Yesu!

Na zagaya bayan rumbu na zube ƙasa. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ubangiji, kai ka ƙera ƙashin nan tun tana cikina. In tsorona ne kawai, ka kwantar mani da shi. In kuwa kai ne kake nuna mani, ka ba ni baki, don ni ba ni da shi." Ina cikin kuka sai ga kazar nan ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ni, da ɗaurinta, hankalinta kwance. Na dube ta sosai. Sai wani abu ya faɗo mani a zuciya sarai: wannan kaza ce, ba ta san Rahila ba, ba ta san zafinta ba. Wadda aka ba ni amana tana ɗaki.

Na tashi jikina bai rawa. Ni Saratu!

Na goya Rahila, da girmanta, na bi ta gona wurin babanta. Na ce, "Baban Rahila, taɓa nan." Ya taɓa. Na ce, "Taɓa wannan kuma." Ya taɓa, ya dube ni, ya ce, "Inna ta sani?" Na ce, "Ta san kaza ta warke." Nan take ya ajiye buhun wake. Maƙwabcinmu Musulmi da ke gonar kusa ya miƙo mashi makullin babur, ya ce, "Ku yi sauri, Allah ya ba ta lafiya." Allah ya saka wa bawan Allahn nan.

Kun san halin rashin tsaro a hanyarmu yanzu, amma Ubangiji ya wuce gabanmu. A asibitin Batsari suka kwance ɗaurin nan take. Fatar duk ta yi ƙuraje masu ruwa. Suka ce mu wuce Katsina kada mu tsaya ko'ina.

A can aka ɗauki hoton ƙashin. Likitar ƙashi, wata mace mai sanyin murya, ta ce za a shiga da ita tiyata. Na riƙe mata riga, na ce, "Likita, don girman Allah kada ku yanke."

Ta ce, "Maman Rahila, zauna. Ɗaurin ya matse, kumburi ya hana jini zuwa yatsu. Za mu tsaga fatar ne don naman ya samu sarari, mu gyara ƙashin. Waɗanda kike jin an yanke wa, hannun ya riga ya mutu a gida kafin a kawo su. Ke kin kawo ta da sauran rai a ciki."

Da sauran rai! Haleluya!

Bayan an fito, likitar ta sake zama da mu. Ta ce suna wani bincike a kan yaran da ake kawowa daga ɗorin gida, don su gane alamun da ke fara nunawa da irin maganin da ya fi ceton hannu. In mun yarda, za su riƙa auna motsin yatsun Rahila duk zuwan da muka yi. In ba mu yarda ba, ba abin da zai ragu a kulawarta. Kalmar bincike ta ba ni tsoro, na ce, "Gwaji za ku yi da ita?" Ta ce a'a, maganin da ake yi wa kowa shi za a yi mata, su dai za su lura su rubuta. Ta tambaye ni me na fara gani. Na faɗa mata farce, da sanyi, da yatsan da na miƙar. Duk ta rubuta. Ni da ake cewa a ƙyale ni! Muka yi shawara da babanta muka yarda, ko wata uwa za ta amfana.

Ran da muka dawo gida, Inna ta kama hannun tana juya shi, tana ƙirga yatsun kamar yau aka haife ta. Can ta ce, "Saratu, ashe tsoron naki yana da ido."

Ƙaramin yatsan har yanzu bai lanƙwashewa duka, kuma tabon yana nan dogo. Muna ci gaba da zuwa awo. Amma da hannun nan take cin tuwo, da shi take riƙe fensir, da shi kuka ga tana tafi a sujada.

'Yan'uwana mata, in an ɗaure wa yaronki karaya, ki dubi yatsunsa, ki taɓa su. In sun yi sanyi ko sun canza launi, kada ki jira ran kasuwa. Ki yi addu'a, ki tashi. Allahn da ya ba matsoraciya irina baki ba zai hana ki ba.

Kazar kuwa, ita ce kuka ga Rahila ta kawo gaban bagade a coci, baikon godiya ga Ubangiji, ta rungumo ta da hannun dama.

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Yesu, shi da ya riƙe hannun ɗiyata. Ku dogara gare shi. Amin!