Gabas Ruwa, Yamma Ruwa

A kasuwar Makarfi, wani manomi ya durƙusa ya gai da wani dattijo da ya taɓa aiki a gonar koko ta Turawa a wani tsibiri a tsakiyar teku.

"Baba, can za ni neman ƙanena Ja'afaru. An ce guguwa ta share bukkokinsu, amma ana gyarawa."

"Ana gyarawa. Ita kuma tana dawowa."

"In ta dawo sai in kamo hannunsa mu biyo hanya. Ni da nake zuwa Kano a ƙafa!"

"Wace hanya, ɗana? Gabas ruwa, yamma ruwa."

"Innalillahi! To ku ina kuka gudu?"

"Bishiya muka rungume, mu bakwai."

"Alhamdu lillahi, kun tsira ke nan."

"Ni dai ga ni. Kada ka tambaye ni sauran."