Ranar da birki ya ƙi ni a Hawan Kibo

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ne Ishaya, mutumin Wara, direban babbar mota. Yau ban zo da roƙo ba, godiya na kawo.

Tun da na fara tuƙi, mota mai kulochi na sani. In zan gangara dutse, tun daga sama nake sa giya ta biyu, injin ya riƙe motar, birki kuwa sai taɓawa kaɗan. Bara maigidana ya sayo otomatik. Kai, na ji daɗi! Ƙafar hagu ta huta, na riƙa yi wa abokaina tsiya a tashar Yelwa, ina ce musu har yanzu tuƙa tuwo suke yi da hannu. A hanyoyinmu na bakin ruwa ba ta taɓa ba ni matsala ba, don ƙasar a shimfiɗe take.

Sai muka kai busasshen kifi Jos tare da Malam Bawa, mai kayan, muka ɗauko dankalin turawa cike da mota. Da rana tsaka muka fara gangarar Hawan Kibo. Na bar giyar inda take kullum, a zatona motar ta san aikinta. Ashe ƙara giya take ta yi, ni kuma ina ta danna birki.

Can sai na ji ƙauri. Malam Bawa ya ce, "Ishaya, mi ka ƙuna haka?"

Na taka birki, ya tafi ƙasa kamar na taka soso. Ƙafata ta hagu ta shiga neman kulochi, tana dukan ƙarfe banza. Ga kwana a gabanmu, ga rami a gefe. Tsoro ya kama ni, wanda ban taɓa jin irinsa ba.

Malam Bawa yana salati da ƙarfi. Ni kuwa addu'ar da ta fito bakina ba ta da tsawo: "Yesu, riƙe motar nan, ni na kasa!"

Nan take hankalina ya dawo jikina. Idona ya sauka kan sandar giya, na ga lambobin da ke ƙasanta, waɗanda ban taɓa kulawa da su ba. Na ja ta baya. Motar ta ƙi karɓa, don gudun ya yi yawa. Na goga tayoyi a tudun ƙasar da ke gefen dutse, buhuna suna zuba, gudun ya ragu. Sai injin ya yi wata irin ƙara, giyar ta kama! Muka sha kwanar a hankali, muka tsaya. Haleluya!

Malam Bawa ya sauka, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Wanga rana ba wayonka ba na, Allah na." Na ce haka ne.

Da na iso gida, matata Rifkatu tana kwashe shanya. Ta ce, "Ka daɗe, abincinka har ya huce." Na zauna a bakin ƙofa na yi ta kuka, ita ba ta ma san dalili ba.

Direbobi 'yan'uwana, kowace irin mota ce, ku rage giya tun kuna saman dutse. Ku duka kuma, in abin da kuka dogara da shi ya ƙi ku, ku kira Yesu, yana ji ko da kalma biyar ce. Ku taya ni gode masa, yau a gidana na karya kumallo. Amin.