Baƙin Moli

Ina tsaye a shagon kifin ado, wani mutum ya dire kwalba gaban mai shago. Farar kifanya ce a ciki, wutsiyarta a yayyage.

"Malam, kifayen molin da ka sayar min cinye juna suke yi."

"Wanne ke cizon?"

"Baƙin. Ko abinci ba ya barin wannan ta ci."

"To ka cire shi daga tankin, maigida. In ba haka ba, gobe gawarta za ka kwaso."

"Ba zai yiwu ba. 'Yata ce ta raɗa musu suna. Wannan Mama take ce mata."

Mai shago ya ce, "Baƙin kuma Baba ke nan?"

Mutumin ya jawo kwalbar gabansa.

"Ta roƙe ni kar in raba su. Ba ka da wani abin da farar za ta riƙa ɓuya a ciki?"